Murfin Motar Hanifa

Shagon Almustafa yana kan hanyar kasuwar dabbobi ta Tawa, tsakanin mai faci da wata rumfar shayi. Ba shi da allo. Abin da ke nuna shi warin rezin ne, ruwan gam ɗin nan mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri kamar ƙashi, sai kuma tarin fasassun robobin babura da ke jingine a bakin ƙofa. Na fara zuwa wurinsa bayan dawowata daga karatu a Maroko, da tankin ruwan gidanmu da ya tsage. Ina jiran ya sallami wani, idona ya kai kan wasu baƙaƙen abubuwa ƙanana da ke rataye a ƙusa, jikinsu da saƙa kamar ta tabarma, suna sheƙi. Na ciro ɗaya. Ba shi da nauyi ko kaɗan, na yi ƙoƙarin lanƙwasa shi ya ƙi.

"Karbon ne," in ji shi, bai ɗago ba. "Na motocin wasa, masu telekomand, waɗanda ake tuƙawa daga nesa."

"A nan Tawa?"

"To ina kake tsaye?"

Wani mai kabu-kabu da ke kishingiɗe a kan babur ɗinsa a inuwar shagon ya yi dariya. Shi ne Souleyman, taubashin Almustafa, wanda na gane daga baya cewa rabin yininsa a nan yake yi.

"Ɗan Maroko, kada ka ce wasa gaban masu su," in ji shi. "Manyan mutane na, da furfura da tumbi. Ka zo ran Lahadi ka ga yadda mai mata biyu ka bin mota da gudu, riga na tashi."

Daga ranar na riƙa leƙawa, wani lokaci da abin gyara, wani lokaci hannu biyu. Abin da zan faɗa a nan na ji shi ne daga bakin su biyun, wani kuma a gabana aka yi.

An haifi Almustafa a Barmou, gidan manoman gero. Kamar yawancin samarin Adar, gemu bai gama fito masa ba ya tafi cin rani. Ya sauka Abijan, ya yi dako, ya yi tallar agogo, har ya samu shiga wani wurin gyaran kwale-kwale a bakin ruwa. A can ya koyi aikin zaren gilashi da rezin: a yanka ƙyalle, a dama gam, a shimfiɗa, a danne, a bari ya kama, a goge. Maigidansa na can yana da ƙananan motoci na tsere, kuma duk mako sai wani abu ya karye. Shi ya fara miƙa wa Almustafa baƙin ƙyallen karbon ya ce ya gwada. Almustafa ya ce da farko tsoron yanka shi yake yi, don zaren yana zamewa daga bakin almakashi kamar gashin doki. Da hannunsa ya faɗa, sai ya zama shi kaɗai ake ba wa.

Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida gaba ɗaya, da akwatin tufafi da naɗin baƙin ƙyalle guda. Noma bai karɓe shi ba, ya shigo Tawa ya buɗe shago. Mahaifiyarsa Hawa, da ta ji an ce aikin karbon yake yi, sai kunnenta ya kama sharbon, wato gawayi da Faransanci, ta shekara tana gaya wa matan Barmou cewa ɗanta ya je har bakin teku ya dawo yana sayar da gawayi a birni. Bai taɓa gyara mata ba.

Abincinsa a tankuna da robobin babura yake. Amma akwai wasu mutane a garin, wani ma'aikacin asibiti, malaman makaranta, ƴaƴan ƴan kasuwar albasa, da ke haɗuwa da yammacin Lahadi a wani jan fili kusa da tabki suna tseren motoci. Duwatsun Adar ba su san roba ba. Mota ta yi karo ɗaya, hannun da ke riƙe da taya ya ɓalle, kuma babu inda za a samu wani kusa. Sai a kawo wa Almustafa guntayen. Ya haɗa su a kan tebur, ya sassaƙa kwatankwacinsu da itace, ya shafa kakin kyandir don kada gam ya manne, sannan ya jera ƙyallen karbon hawa-hawa, kowane hawa saƙarsa ta kalli wani gefe. In faifai ne yake so, kamar ƙasan mota, sai ya matse shi tsakanin gilasan tagar bas guda biyu ya ɗora bulo. In abu mai lanƙwasa ne, ya naɗe shi tam da robar cikin taya. Lokacin zafi rezin yakan kama tun mutum bai gama shimfiɗa ba, don haka yakan sa kwanon damun a cikin ruwan randa. Ƙurar gugar tana sa ƙaiƙayi har cikin riga, hancinsa kuma kullum da baƙi. A hankali aiki ya fara zuwa masa daga Yamai da Agadas, a cikin ambulan, hannun direbobi.

Yana da ƴaƴa shida. Biyar daga cikinsu sukan shigo shagon su taɓa abin da aka hana su, ya kira sunan kowa ya kore shi. Ta farin, Hanifa, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

An haife ta yana Abijan. Da aka yaye ta aka kai ta Barmou wurin kakarta Hawa, kamar yadda aka saba yi da ƴar fari, a can ta girma. In ya zo ganin gida yakan raba tsaraba da hannunsa, nata kuwa sai ya ajiye a ɗakin mahaifiyarsa ya fita. In dole ta sa ya ambace ta, sai ya ce "ta Barmou". Inda na yi karatu na saba ganin uba ya ɗora ƴarsa a wuya yana zagaya kasuwa, har na kusa manta da namu. Na tambayi mahaifiyata a kan wannan kunyar, ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin da ya sa ake sa gishiri a miya. Ta ce ita ma ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, kuma bai rame ba.

Hanifa ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta samu gurbi a wata makarantar fasaha a Tawa, fannin lantarki. Ta haka ta dawo gidan mahaifinta tana budurwa. Mahaifiyarta Habi ita ma tana da kunyarta, amma mata ba su rasa hanya: ga tsintar shinkafa, ga kitso, magana takan fito ko ba a kalli juna ba. Shi kuwa ba shi da shinkafar tsinta. Da safe ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, ina kwana." Ya amsa yana kallon buta. In ta shigo tsakar gida ya tuna yana da aiki a shago. In yana son a gaya mata wani abu, ya gaya wa Souleyman, Souleyman ya tsaya a zaure ya ɗaga murya ya isar, da ƙarin nasa.

Wata rana yana alwala a bayan ɗaki ya ji tana magana da Habi. Ta ce in shekara ta ƙare za ta koma gidan Goggo Balkisu, ƙanwarsa, da ke kusa da makaranta. Habi ta tambaye ta ko an yi mata wani abu.

"Ba a yi min komai ba, Inna. Shi ne ai. Nan gidan kamar baƙuwa nike, wadda anka ba ɗaki."

Ya gaya mini ya daɗe a tsugune da butar a hannu. Ba ya son ta tafi. Shekarun da ta yi a Barmou bai ƙirga su rashi ba, haka kowa ke yi. Amma yanzu da ya saba jin takunta a gidan, ya saba jin tana yi wa ƙannenta faɗa a kan karatu da irin muryar mahaifiyarsa, tafiyar ta tsaya masa a rai. Kuma bai san yadda uba ke gaya wa ƴar fari ta zauna ba. Bai taɓa ganin wanda ya yi ba.

A cikin wannan shekarar malaminsu, Mushe Abdulrahim, wanda aka turo daga gabas, ya sa ɗalibai kowa ya haɗa mota mai telekomand da hannunsa. Za a gwada su a filin nan na bakin tabki, waɗanda suka fi za su tafi Yamai gasar makarantu. Hanifa ta shiga aikin da ƙarfinta. Ta ciro inji daga wata matacciyar na'urar huda bango, ta samo tayoyi, ta haɗa wayoyin da kanta, ta yanka murfi daga wata rawayar bido, jarkar man girki. Duk Tawa an san shagon da ake kai irin wannan aiki. Abokan karatunta biyu ma sun zo an yi musu hannayen taya. Ita ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba. A zaure take ajiye motar a ƙarƙashin benci, ya riƙa wucewa ta gefenta safe da yamma. Har ya lura murfin ya tsage daga gefe ɗaya, ta ɗaure da salatif.

"Dutse ɗaya zai raba shi biyu," ya ce wa Souleyman.

"To ka gaya mata."

"Kai dai ka gaya mata."

"In ce mi? Ubanki shina leƙen motarki ƙarƙashin benci kamar ɓarawon kaji? Almustafa, ɗiyarka ta. Buɗe baki ka tambaye ta abin da take so a yi mata."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin tuwo."

Bai tambaye ta ba. Ana saura kwanaki kaɗan a yi gwajin ta tafi Barmou gaida kakarta da neman addu'a. Tana hawa mota ya sa motar tata a buhu ya kai shago. Ya kwance murfin, ya kife shi. A ciki ya ga wata siririyar waya da ta manna a jikin robar, ta bi da ita zagaye. Ya san antan ce, wayar da ke kama umarnin telekomand. A motocin da ya saba gani takan fito waje ne kamar gashin baki, kuma takan karye. Ya ji daɗin dabarar yarinyar da ta ɓoye tata a ciki. Sai ya yi niyyar ƙara mata kariya. Ya shimfiɗa karbon a cikin murfin duka, daga gefe zuwa gefe, ya bi ta kan wayar a hankali ya lulluɓe ta. Ya ce bai taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba, ko kumfar iska ɗaya babu. Wajen murfin kuwa bai taɓa ba. Ya bar shi rawaya da ƙurjewarsa, har salatif ɗin ya mayar inda yake. Karbon ba shi da nauyin da zai tona asiri, wurin caji da makunni kuma a waje suke, ba ta da dalilin buɗewa. Abin da yake so ke nan: motar ta yi ƙarfi, kada kowa ya san hannunsa ya taɓa ta. In ta ci, ta ci. Wata rana can gaba za ta buɗe ta gani, ta gane, ba sai an yi magana ba.

Ya gwada ta a tsakar gida, daga bakin ɗaki zuwa gindin darbejiya. Ta tafi, ta juyo, ta tsaya. Ya mayar da ita ƙarƙashin benci.

Ranar gwajin ina wurin. Lahadi ce, ranar kasuwa, mutane sun taru fiye da yadda aka zata. An jera duwatsu an yi hanya, can nesa an kafa sanda da jan ƙyalle, kowace mota za ta je ta zagayo ta dawo. Almustafa bai shigo cikin taron ba. Ya tsaya can gefe a gindin wata aduwa, kamar mai jiran wani. Motoci biyu suka kife tun a duwatsun farko. Ta Hanifa ta tashi da kyau. Ta daki wani dutse da ya isa ya fasa ta, ta yi tsalle ta dira ta ci gaba, mutane suka yi tafi. Na waiwaya na ga Almustafa ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Da ta kusa sandar, Hanifa ta karkata telekomand. Motar ba ta juya ba. Ta sake karkatawa, ta ɗaga shi sama da hannu biyu, ta matsa gaba. Motar ta wuce sandar a miƙe, da gudunta. Hanifa ta tattare zani ta bi ta tana danna maɓallin tsayawa. A daidai lokacin wani makiyayi yana koro tumakin da bai sayar ba daga kasuwa. Motar ta shiga tsakiyarsu, suka watse, ta fito ta ɗaya gefen, ta gangara ta faɗa tabki. Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce, amma ta daɗe. Wani daga baya ya ce motar ta ji ƙishi ne. Wani ya ce ai ta mata ce, ta tafi ɗibar ruwa.

Makiyayin ne ya naɗe wando ya shiga ya ɗauko ta, tana zubar da laka. Hanifa ta karɓa ta yi godiya, ta durƙusa a wurin ta kwance murfin don ruwa ya fita. Ta kife shi. Na ga ta tsaya tana kallon cikinsa. Ba ta ɗaga kai ta nemi kowa ba. Ta mayar da murfin, ta ɗaure, ta rungumo motar ta dawo.

"Me ya faru?" in ji Mushe Abdulrahim. "Kawo in gani."

"Kuskurena ne, Mushe. Ban gwada ta da nisa ba."

"Buɗe mu duba, ko wata waya ce ta saki."

"Na duba. Ni ce ban yi daidai ba."

Ta riƙe motar a ƙirjinta, laka tana ɓata mata hijabi, har malamin ya haƙura ya kira na gaba. Da na sake duba gindin aduwar babu kowa.

Almustafa ya ga lokacin da ta rufe murfin, kuma jikinsa ya ba shi. Amma bai san mene ne ainihin abin da ya yi ba sai da Yusufu, ma'aikacin asibitin nan mai tsere, ya zo karɓar aikinsa. Almustafa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, wani ne a Agadas yake tambaya, in an rufe antan da karbon don kada ta karye, ya abin yake.

"Ka ce masa kada ya soma," in ji Yusufu. "Ai ya kurumtar da motar ke nan. Karbon tamkar ƙarfe yake wajen wannan, ba ya barin umarni ya shiga. Kusa-kusa za ta ji, da ta yi nisa shi ke nan. Kai da ke aikin ba ka sani ba?"

"Ni ƙashi nike yi musu. Ban taɓa yin kunne ba."

"Ɗiyarka ma za ta gaya maka, ai karatunsu ne."

Yusufu ya tafi. Souleyman, wanda ya ji komai, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar taubashinsa, ya tada babur ya tafi neman fasinja. Ya ce mini tunda suke bai taɓa barin Almustafa ya sha da irin wannan ba sai ranar.

A gida babu abin da ya sauya, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Da safe ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana," da muryar da ta saba. Ba ta gaya wa Habi ba. Ta wanke murfin ta kife shi a kan katanga ya bushe, baƙin cikinsa yana kallon sama, ya yini a nan inda duk mai wucewa zai gani, sannan ta shigar da shi ɗaki. Almustafa ya daina cin abincin rana a gida. Ya koma fita tun kafin ta fito gaisuwa. Lahadi ta zagayo bai je fili ba, wadda ta biyo ma haka. Ya ce da ta yi fushi, da ta yi kuka ta gaya wa uwarta, da ya san inda zai sa kansa. Amma yarinyar da bai taɓa kiran sunanta ba ta tsaya gaban jama'a ta ɗauki laifinsa ta aza a kanta don kada a ga saƙar da kowa ya san ta wane ce.

Daga ƙarshe ya sa riga mai kyau ya tafi makarantar. Ya samu Mushe Abdulrahim a ƙarƙashin rumfa, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya yi tun daga ɗaukar motar har mayar da salatif. Ya roƙi a sake ba ta dama.

Malamin ya saurare shi har ya gama. Ya ce waɗanda za su tafi sun riga sun tafi, jiya motarsu ta tashi. Ya ce aikinta ya fi na kowa a ajin, shi ya sa abin ya ɗaure masa kai.

"Amma Malam Almustafa, gida ɗaya kuke kwana. Me ya hana ka tambaye ta?"

"Ɗiyar fari ta."

Malamin ya gyaɗa kai. Ya ce su ma can gabas haka ne. Ya rako shi har bakin ƙofa, abin da ya ƙara masa nauyi, don ɗalibai suna zaune a wurin suna kallo.

Shekara ta ƙare, Hanifa ta koma gidan Goggo Balkisu kamar yadda ta faɗa. Ranar da za ta kwashe kaya ya fita tun da sassafe ya ce akwai tankin da zai duba a Bambeye. Babu wani tanki. Ya je ya zauna a tasha har la'asar. Souleyman ne ya ɗauki akwatinta a babur.

Bayan damina, wata ranar Talata da hantsi, ina zaune a shagon ana liƙe mini robar gaban babur, sai ga ta a bakin ƙofa. Ban taɓa ganinta a nan ba. Tana riƙe da wani kwali da ta yanka, da sabuwar mota rabin haɗi a cikin leda. Ta yi sallama, ta gaishe ni, ta durƙusa ta gaida mahaifinta. Ya amsa wa kwanon rezin. Ta juya wurin Souleyman.

"Baba Sule, Mushe ya ce bana ma za a yi. Ina son a yi min ƙasan mota da hannayen taya. A tambayi mai shago ko zai samu lokaci."

Almustafa ya ce, yana damu, "Souleyman, ce mata a aje nan."

Souleyman ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya sauko da ƙafafunsa daga kan babur.

"Ni kun ga na yi kama da telekomand? Shekara guda kuna danna ni, hagu, dama. Batir ɗina ya mutu. Ga ki, ga shi, taku uku tsakaninku. Ɗan Maroko, taso in kai ka shan fura, babur ɗinka ba yanzu ba."

"Zauna, Souleyman."

"Wallahi ba ni zama. Ke kuma, Injiniya, kada ki rage masa komai. Nan shago na, ba gida ba. Mai kawo aiki ke da magana."

Na tashi na bi shi, amma ba mu yi nisa ba, rumfar mai shayi muka shiga, bango ɗaya ne na kwano tsakaninmu. Muka kasa kunne har mai shayin ya tambaye mu ko lafiya. Muna jin ƙarar cokali a kwanon rezin, ana ta damu, alhali na san ya riga ya wuce lokacin shimfiɗawa. Can sai cokalin ya tsaya. Muka ji ƙarar kwali a kan tebur. Sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da bango.

"Malama, wagga huda ta mi ce?"

"Nan injin zai zauna."

"Ya yi kusa da baki. Zai tsage."

"Ba zai tsage ba in an yi hawa huɗu."

"Huɗu nauyi ne. Uku."

"Huɗu, Baba. Na auna."



"To. Huɗu. Ita kuma wayar, ta ina za ta bi?"

Ta fara yi masa bayani. Souleyman ya ɗaga wa mai shayi yatsu biyu, ya ce a sa madara da yawa, ɗan Maroko ne zai biya.

Da muka koma ta tafi. Rezin ɗin da ya dama don babur ɗina ya daskare a kwano da cokalin a tsaye a ciki, dole ya sake wani. Bai dube mu ba. Souleyman ya tambaye shi ko baƙuwar ta yi ciniki, ya ce masa ya matsa yana tare masa haske.

Har yanzu tana gidan Goggo Balkisu, kuma bai ce ta dawo ba. Takan zo shagon ranakun da ba ta da darasi da rana, su yi gardama a kan kauri da awo, yana ce mata Malama, idonsa a kan tebur. In ta je gida ran Juma'a gaida Habi, sai ya tuna yana da aiki. Filin bakin tabki kuwa bai sake takawa ba. Masu tsere sukan tambaye shi, ya ce ƙafa ke damunsa.